Littafin Ruwan Sama na Gidanmu

A ƙasarmu, da zarar damina ta faɗi, gaisuwa ma takan sake. Ka gamu da maƙwabcinka da safe ka ce masa, "Ina ruwa?" shi kuwa ya amsa, "Ruwa ya yi gyara." Amsar ke nan, ko an kwana ana sheƙa shi kamar da bakin ƙwarya, ko kuwa yayyafi ne kaɗai ya kwantar da ƙura. Gaisuwa ce mai kyau, gama tana koya mana godiya. Amma mutumin da ya sayi irin masara da kuɗi masu yawa, yana tsaye yana shawara ko ya zuba shi a ƙasa yau ko ya dakata, yana bukatar amsar da ta fi wannan. Yana so ya san ruwan nan nawa ne, yaushe aka yi na bayansa, kuma a shekarun baya me ya biyo bayan irinsa.

Mu iyali ne mazauna Tudun Wada ta Zariya. Maigidan tsohon malamin makaranta ne, uwargidan tana kiwon kaji a bayan gida, muna kuma da 'yar gonarmu wajen Dakace inda muke shuka masara da dawa da wake. Shekara da shekaru muna auna ruwan sama a tsakar gidanmu, muna rubutawa a littafi. Kwanan baya babban ɗanmu ya ce zai saya mana na'urar auna yanayi irin ta zamani, sai muka zauna muka yi dogon tunani a kan wadda ta dace da gida irin namu. Abin da muka koya cikin wannan zaɓe shi ne muke so mu faɗa muku, 'yan'uwa, domin watakila wani gidan yana cikin irin wannan shawara.

Yadda muka fara

Duk wanda ya yi wayo a shekarun 1972 da 1973 ya tuna farin da aka yi, sa'ad da shanu suka yi ta mutuwa a arewa, mutane kuma suka yi ta kwararowa garuruwa neman abinci. Bayan shekara goma, a 1983 da 1984, sai ga wani ya sake zuwa. A lokacin nan ne gardama ta yi yawa a bakin ƙofofi. Wani ya ce ruwan bana ya fi na bara, wani ya ce ƙarya ne, na bara ya fi. Wani dattijo ya ce a zamaninsu ruwa yakan sauka tun watan huɗu, wani sa'ansa ya musa. Kowa yana da gaskiya a ganinsa, gama tunanin ɗan adam yakan riƙe babban hadari guda ɗaya, ya manta da kwana ashirin da aka yi sama tana tas. Bayan wannan fari na biyu muka ce bari mu riƙa rubutawa.

Kayan aikinmu na farko ba su wuce uku ba: gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya ne, da rula ta 'yan makaranta, da littafi mai bangon kwali. Muka kafa turke a tsakar gida nesa da inuwar mangwaro, muka ɗaure gwangwanin a kai, bakinsa a daidaice. Kowace safiya da ƙarfe bakwai mukan tsoma rula, mu duba zurfin ruwan, mu rubuta, mu zubar. Daga baya muka sami ma'auni na sosai mai mazurari da kwalba mai zane, amma dokar ba ta sake ba.

Bari mu bayyana abin da ake aunawa, domin mutane da yawa sukan ji ana cewa an yi ruwa milimita kaza a rediyo, ba su san ma'anarsa ba. In an ce an yi milimita 1, watau da ƙasa ba ta shanye ruwan ba, bai kuma gudu ba, da ya kwanta ko'ina da zurfin milimita 1. A fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1, wannan lita 1 ke nan. A gona mai hekta 1 kuwa lita 10,000 ne. Tsofaffin da suka saba da inci su riƙe cewa inci 1 milimita 25 ne da ɗan ɗoriya. A ƙasar Zariya ruwan shekara yakan kai kimanin milimita 1,000 ko ɗan fiye, yawancinsa daga watan Mayu zuwa farkon Oktoba, watan Agusta kuwa shi ne na marka.

Ga Samaru, ga rediyo, ina amfanin namu?

Abokai sukan tambaye mu, "Ku da kuke zaune a Zariya, ina ruwanku da wannan wahala?" Tambayar tana da dalili. Tun 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru, wadda ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma masanan can sun daɗe ƙwarai suna auna ruwa da zafi da iska. Daga irin wannan lissafi ne Kowal da Knabe suka fitar da babban littafinsu na taswirorin yanayin noma na jihohin arewa a 1972. Ga kuma makarantar koyon tukin jirgin sama da aka kafa a Zariya a 1964, matuƙa jirgi kuwa ba sa tashi sai sun san halin da sama take ciki. Har wa yau akwai hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, wadda dokar 2003 ta kafa, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara: lokacin da ake sa ran saukar ruwa, da ɗaukewarsa, da yawansa. Duk muna sauraronsu, muna kuma gode musu.

Amma ruwanmu na nan yana da wani hali. Yawancinsa hadari ne ke kawo shi, ya taso daga gabas da iska da tsawa, ya zubar a wani tsiri na ƙasa, ya wuce yamma. Sau nawa mutum yakan baro kasuwar Sabon Gari jiƙe sharkaf, ya haye gadar Kubanni, ya tarar da Tudun Wada ana shanya? Sau nawa akan yi ruwa a Wusasa har kwata ta cika, Kongo kuwa ko ɗigo? To, balle Samaru da take da 'yar tafiya daga nan. In an haɗa lissafin shekaru da yawa, wurare na kusa da juna sukan zo kusan ɗaya. Amma shuka ba ta san lissafin shekaru ba, ruwan da ya sauka a kanta makon nan shi ta sani. Domin wannan ne ma muka sa wani gwangwani a gona, mai taya mu aiki yana dubawa, gama na tsakar gida ba ya ba da labarin Dakace.

Kakanninmu ma suna da nasu ma'auni, ba mu raina shi ba. Sun san zuwan shamuwa alamar damina ta kusa. Sun san gawo yakan zubar da ganye sa'ad da sauran itatuwa suke tohuwa. Manomi yakan sa fartanya ya tona ya ga ko laima ta shiga ƙasa sosai kafin ya ce ruwa ya kai shuka. Masu lissafin taurarin damina kuma suna ƙidaya kwanakin kowane tauraro. Abin da littafi ya ƙara a kan waɗannan guda ɗaya ne: ba ya mantuwa, ba ya kuma sake magana don ya faranta wa wani rai.

Abin da littafin ya yi mana

Babban amfaninsa yana wajen shuka. Wani masani mai suna Sivakumar, wanda ya yi aiki a cibiyar ICRISAT kusa da Yamai, ya duba lissafin ruwa na garuruwa da yawa na ƙasashenmu, ya kafa wata ƙa'ida a 1988. Ya ce a ɗauka damina ta kama in, bayan 1 ga Mayu, an sami ruwa milimita 20 ko fiye cikin kwana uku a jere, sa'an nan cikin kwana 30 masu biyowa ba a yi fiye da kwana bakwai a jere babu ruwa ba. Rabin farko na wannan ƙa'ida ma'auni yakan nuna maka shi da safe. Rabi na biyu ba mai saninsa sai ya wuce. A nan tsofaffin shafuffuka suke taimako. Mukan buɗe su mu duba: a shekarun da aka yi ruwan fari da wuri, sau nawa rana ta biyo baya ta ƙone tsiro? Littafin ba ya duba, ba ya faɗin gobe. Amma yakan nuna maka girman kasadar da za ka yi da irinka.

Wata shekara ruwan fari ya zo da dare da babbar iska, har ya kware kwanon wasu gidaje a unguwa. Da gari ya waye mutane suka ɗauki iri suka nufi gona, domin kowa ya ji ƙararsa a kan rufi. Mu kuwa da muka duba kwalba, bai ko kai milimita 10 ba. Hayaniyar iska ce ta fi ruwan yawa. Muka dakata, muka kuma faɗa wa waɗanda suka tambaye mu. Aka yi mako biyu sama ba ta sake cewa kome ba. Wani maƙwabcinmu, mutumin kirki, mai 'ya'ya da yawa, irin da ya ranto kuɗi ya saya ya tsiro ya bushe, dole ya sake neman wani. Abin ya taɓa mu ƙwarai, gama mun san abin da bashin nan ya jawo wa gidansa har kaka. Tun daga wannan shekara, in an yi ruwan dare, yakan yi sallama da sassafe ya ce, "Malam, me kwalba ta ce?"

Haka yake wajen taki. Buhun takin zamani yanzu ba abin wasa ba ne. In ka zuba shi a busasshiyar ƙasa ka bar shi a fili, ƙarfinsa yakan bi iska, in kuwa babban ruwa ya biyo baya nan da nan, ya wanke shi zuwa kwari. Wanda ya san ruwan da ya sauka a gonarsa cikin kwana uku da suka wuce ya fi sanin ranar da zai buɗe buhu.

Uwargida kuma ta sami nata amfani. Rufin gidanmu kamar mita 10 ne da mita 8, watau murabba'in mita 80. In an yi ruwa milimita 25, abin da ya sauka a kan rufin lita 2,000 ne, durom goma ke nan masu cin lita 200. A shekarar da aka sami milimita 1,000, rufin nan kaɗai yakan zubar da lita 80,000, watau jarka 3,200 irin ta 'yan garuwa mai cin lita 25. Ranar da muka yi wannan lissafi ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Ashe dukiya muke bari tana bin kwata." Daga nan muka gyara indararo, muka sayi tanki.

Da maganar na'ura ta taso

Babban ɗanmu ya zo hutu ya tarar da mahaifinsa yana neman tabarau don ya karanta zanen kwalba. Ya ce, "Baba, wannan aiki ya isa haka. Akwai na'urar da za a kafa, ita za ta auna ruwa da zafi da iska da kanta, ni ma daga inda nake in gani a wayata." Ya nuna mana hotunansu iri iri. Muka yi masa godiya, muka sa masa albarka, sa'an nan muka ce kafin ya kashe kuɗinsa akwai tambayoyi. Ga su nan kamar yadda muka bi su.

Ta fari, wadda ta fi duka: ina lissafin yake kwana? Na'urorin nan kashi biyu ne. Akwai waɗanda suke aika abin da suka auna ta intanet zuwa kwamfutocin kamfani a wata ƙasa, kai kuma ka duba a waya. In intanet ta yanke na dogon lokaci, ko data ta ƙare, wasunsu sukan bar giɓi a lissafin. In kamfanin ya rufe, ko ya sa kuɗin wata, ko ya daina kula da tsohuwar na'ura, lissafinka na shekaru yana hannun wani. Akwai kuma waɗanda suke ajiye lissafin a cikin gida, ko a cikin allon da ake ajiyewa a ɗaki, ko a ɗan katin mimori irin na waya. Kamfanin Davis na Amurka ya daɗe yana yin irin waɗannan masu ma'ajiyar lissafi, Ecowitt na ƙasar Sin kuma yana da allo mai karɓar kati. Akwai wasu ban da su. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Muka ce wa yaron lalle sai mai ajiyewa a gida. In kuma tana iya aika masa a waya, to, wannan ƙari ne, ba mu ƙi ba.

A tambayi mai sayarwa abu uku game da wannan ma'ajiya. Kwana nawa take ɗauka kafin ta cika? In ta cika, tsayawa take yi ko shafe na baya? Abin da ta rubuta kuma, kowace kwamfuta za ta iya buɗe shi kamar jadawali, ko sai da manhajar kamfanin kaɗai? Lissafin da ba ya buɗuwa sai da mabuɗin wani, ajiya ce a ɗakin da ba naka ba.

Ta biyu, wuta. Kowa ya san hadari da ɗaukewar wutar lantarki tare suke tafiya. Na'urar da take mutuwa in an ɗauke wuta za ta riƙa barci daidai lokacin da ake bukatarta. Kayan da ake kafawa a waje yawanci suna aiki da batir da ɗan faifan sola. Allon cikin ɗaki shi ne abin dubawa: yana da batir na kansa, ko sai an haɗa shi da batirin solar gida? In ya mutu ya farfaɗo, yana tuna kwanan wata da sa'a? Lissafi mai ruɗaɗɗen kwanan wata ya fi rashinsa ɓarna.

Ta uku, yadda take auna ruwan. Yawancinsu suna da mazurari, a ƙarƙashinsa kuma ɗan cokali mai baki biyu kamar sikeli. In gefe ɗaya ya cika sai ya tuntsure ya zubar, na'ura ta ƙidaya ɗaya, ɗaya gefen ya karɓa. Kowace tuntsurawa kamar milimita 0.2 ce ko kusa da haka. Dabara ce mai kyau, tana kuma nuna sa'ar da ruwa ya fara da ƙarfinsa, abin da kwalba ba ta iyawa. Amma in ruwa ya kece da ƙarfi irin namu na Agusta, wani yakan zube sa'ad da cokalin yake juyawa, sai lissafin ya yi ƙasa da gaskiya. Ga kuma ƙurar hunturu, da kashin tsuntsaye, da yanar gizo, da zanzaro mai gina ɗakinsa a duk ramin da ya samu. Saboda haka a zaɓi wadda ake buɗewa da hannu a wanke ba tare da an kira makaniki ba, a kuma wanke ta tun watan Afrilu.

Ta huɗu, wurin kafawa. Kayan auna iska suna son bisa, a tashoshin gwamnati har mita 10 ake ɗaga su. Ma'aunin ruwa yana son ƙasa ƙasa, a fili, nesa da bango ko itace aƙalla ninki biyu na tsawon abin. Ma'aunin zafi kuwa yana son inuwa da iska mai ratsawa, tsakanin mita 1 da kwata zuwa mita 2 daga ƙasa, shi ya sa a tashoshi ake sa shi cikin farin akwati mai tagogi. Na'urar da aka haɗa duka ukun a jiki ɗaya ta fi araha da sauƙin kafawa, amma duk inda ka sa ta, ɗaya daga cikinsu zai cutu. In ka ɗora ta a kan rufin kwano, zafin kwanon za ta riƙa faɗa maka a watan Maris da Afrilu. Mu da yake ruwa ne babban abin da ya dame mu, muka zaɓi wadda ma'aunin ruwanta yake dabam. Muka roƙi ƙarin ma'aunin zafi guda domin ɗakin kaji, gama zafin bazara yakan rage ƙwai, har ya kashe kaji.

Ta biyar, kada a ruɗu da hoton girgije ko rana da allon yake nunawa wai hasashen gobe. Yawanci daga nauyin iska yake lissafa shi, dabarar kuwa ta ƙasashen sanyi ce, inda saukar nauyin iska yake nuna hadari na zuwa. A ƙasashenmu masu zafi nauyin iska yakan hau ya sauka sau biyu kowace rana, ya kai ƙoli wajen ƙarfe goma na safe da goma na dare, ko za a yi ruwa ko ba za a yi ba. Domin sanin gobe a saurari hukumar yanayi, a kuma ɗaga kai a dubi gabas. Aikin na'urar gida shi ne ta riƙe abin da ya riga ya faru.

Ta ƙarshe, kuɗi da gyara. Ranar ƙasarmu tana cin roba, tsawa kuma ba ta jin tausayin kayan lantarki. A tambaya ko ana samun kayan gyara ɗai ɗai, ko kuwa in abu guda ya lalace sai a sayi sabuwa ɗungum. Kada kuwa wani ya ci bashi domin wannan. Gwangwani da rula da littafi ba su kai kuɗin mudun masara biyu ba, kuma su ne suka yi mana aiki shekaru masu yawa.

Abin da muka tsayar

An kawo na'urar, an kafa ta, tana aiki. Kafin mu yarda da ita muka gwada ta kwana da kwanaki tare da tsohon ma'auninmu, su biyu a tsakar gida ɗaya. A ruwa mai sauƙi bakinsu yakan zo kusan ɗaya. In an yi babban ruwa mukan fi gaskata kwalba. Saboda haka ba mu sauke tsohon ma'auni daga turkensa ba, ba mu kuma rufe littafi ba. Da tsohuwar zuma ake magani. A ƙarshen kowane wata akan zare katin a kwafe abin da ke ciki a kwamfuta, a ƙarshen shekara kuma a buga jimlar kowace rana a takarda, kwafi biyu, ɗaya a gida, ɗaya wurin babban ɗanmu, saboda gara da gobara.

Yaron ya yi dariya ya ce, "Baba, an kawo muku mota kuna riƙe da jaki." Sai muka ba shi labarin Ingila. A can, tun 1860 wani mutum mai suna George Symons ya fara tattara lissafin ruwa daga hannun mutanen gari, limamai da likitoci da manoma da masu lambu, kowa yana aunawa a gidansa yana aikawa. Takardun nan suka taru a ma'ajiya shekara da shekaru. A 2020, sa'ad da annobar korona ta tsare mutane a gida, wani malamin Jami'ar Reading, Ed Hawkins, ya nemi a taimaka a kwafe su cikin kwamfuta. Mutum fiye da 16,000 suka amsa, cikin kwana 16 suka kwafe awo fiye da miliyan 5. Waɗanda suka rubuta su sun daɗe da rasuwa, amma rubutun hannunsu yana nan ana karantawa, masana kuma suna amfani da shi su gane yadda yanayi yake sakewa. Muka tambaye shi, wace waya ce tasa ta shekara goma da suka wuce yake iya buɗewa yau? Ya yi murmushi, bai amsa ba.

Yanzu jikarmu ce mai duba kwalba kafin ta tafi makaranta, ta zo ta tsokani kakanta ta ce, "Tsoho, idonka ya gaji, kawo alƙalamin." Mun koya mata dokoki uku. A duba a sa'a ɗaya kowace rana, har ran Lahadi kafin a tafi sujada. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta sifiri, gama kwanakin rashin ruwa su ne suke kashe shuka, su ne kuma aka fi mantawa. Ranar da ba a duba ba kuwa a bar wurin fili, kada a cika shi da zato. Mun lura lissafin goma goma da yake ba ta wuya a aji ya zauna mata tun da ta fara haɗa jimlar wata da kanta.

Wani ɗan'uwa ya taɓa ce mana auna ruwa kamar ƙidaya kyautar Allah ne, bai dace ba. Mun amsa masa da ladabi cewa shi ma yakan ƙidaya dammunan da ya zuba a rumbu, bai kuwa hana shi godiya ba. Mu dai abin da muka gani shi ne, in muka buɗe littafin nan muka ga shekarun ƙunci da na yalwa a jere, muka tuna an ciyar da mu cikinsu duka, gunaguninmu yakan ragu.

Saboda haka, ya mai karatu, in kana da hali ka sayi na'ura, saya, amma ka tabbata lissafinta yana kwana a gidanka, ka kuma ajiye ma'aunin hannu kusa da ita. In ba ka da hali, nemi gwangwani mai miƙaƙƙen jiki tun kafin shamuwa ta iso, ka rubuta sunan unguwarku da shekara a bangon littafi, ka ba ɗaya daga cikin yara wannan aiki. Shekarar farko ba za ka ga amfaninsa sosai ba. Bayan shekara biyar maƙwabta za su fara yi maka sallama da safe. Da a ce kowace makaranta da kowace unguwa daga nan har Katsina da Maraɗi tana da irin wannan littafi, da 'ya'yanmu sun gaji sanin ƙasarsu wanda ba sai sun roƙa a wurin kowa ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma kiyaye gidajenmu da gonakinmu.